Ƙwan Lantarki Mai Tsimin Wuta: Yadda Yake Aiki, Kuɗin Da Yake Ragewa Da Haɗarin Da Ke Cikinsa

A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. An rage shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yulin wannan shekarar. Kimanin wata goma kafin wannan ƙarin, wato a ranar 29 ga Mayun 2023, an cire tallafin man fetur, abin da ya sa tayar da janareta da daddare ya koma sai mai hali. Waɗannan abubuwa biyu sun tilasta wa magidanta da dama yin lissafin da ba su saba yi ba: wane abu ne a cikin gida yake shanye katin mita?

Akasari hankali yakan tafi ga firji da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki, kuma da gaskiyar masu kallon can. Sai dai a gidan da ba shi da waɗannan manyan kaya, ko yake da ɗaya kawai daga cikinsu, ƙwayayen lantarki ne ke ɗaukar kaso mai tsoka, domin suna da yawa, kuma suna daɗewa a kunne. Sauya tsohon ƙwai mai zare da ƙwai mai tsimin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira enaji, injiniyoyi kuma ke kira CFL, shi ne gyara mafi arha da magidanci zai iya yi da hannunsa ba tare da ya kira mai gyaran wuta ba.

Inda wutar tsohon ƙwai take tafiya

Tsohon ƙwan lantarki, mai siffar gora da ɗan siririn zare a tsakiya, ya samo asali ne daga aikin Thomas Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila a wajajen 1879. Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. Wuta tana ratsa zaren, wanda a yau ake yi da wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira tungsten, sai zaren ya yi zafin da ya kai kimanin digiri 2,500 a ma'aunin Salsiyos, har ya yi fari ya ba da haske. Ke nan hasken ɗan rakiya ne. Ainihin abin da ƙwan ke samarwa zafi ne. Kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja, ko ma fiye, tana ƙarewa ne a matsayin zafi. Duk wanda ya taɓa kai hannu ga ƙwai mai wat 100 bayan ya yi minti goma a kunne ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Shi ya sa masu kiwon kaji suke rataya irin wannan ƙwai a kan 'yan tsaki a lokacin hunturu: ɗumi suke nema, kuma a wannan aikin ƙwan ba shi da laifi. Amma a ɗakin kwana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, mai gida yana biyan kuɗi sau biyu ne, na farko don ƙwan ya ƙara wa ɗakin zafi, na biyu don fanka ta kore shi.

Ga kuma gajeren rai. Zaren yana ƙonewa a hankali har ya tsinke, kuma matsakaicin ransa awa 1,000 ne. Idan ana kunna shi awa shida a kullum, bai kai wata shida ba.

Yadda ƙwai mai tsimi yake samar da haske

Ƙwai mai tsimin wuta ƙanen doguwar fitilar nan ce mai farin haske da aka sani a ajujuwa da asibitoci da ofisoshin gwamnati. Kamfanin General Electric ya fara sayar da doguwar a Amurka a 1938. A cikin bututun gilashinta babu zaren da ke yin fari don zafi. Abin da ke ciki iskar gas ce mara kama wuta, yawanci argon, da ɗan tururin zaiba, wato ruwan ƙarfen nan mai kama da azurfa da ake kira makuri. Idan wuta ta ratsa wannan tururi, sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani. Farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ce ke shanye wannan ɓoyayyen haske ta mayar da shi hasken da muke gani. Da yake ba a bi ta hanyar zafi ba, asarar ta ragu ƙwarai.

Irin wannan fitila ba ta iya shan wuta kai tsaye daga waya. Tana buƙatar abin da zai tayar da ita, ya kuma daidaita mata yawan wutar da ke shiga. A doguwar fitila ta da, wannan shi ne aikin cok da sitata, kuma su ne sanadin ƙiftawa da ƙugin da aka san ta da su. A ƙaramin ƙwai an maye gurbinsu da wasu ƙananan na'urori da aka cusa a cikin farin gindin robar da ke ƙasan gilashin. Wannan gindi shi ne zuciyar ƙwan, kuma a nan ne mai kyau da jabu suke rabuwa.

Tunanin naɗe doguwar fitila ta koma girman ƙwai ya taso ne bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙasashen Yamma. Wani injiniyan General Electric mai suna Edward Hammer ya ƙirƙiro mai siffar murɗe a 1976, amma kamfanin ya ajiye aikin saboda tsadar kafa masana'antar da za ta riƙa lanƙwasa gilashin. Kamfanin Philips na ƙasar Holand ne ya fito da irin nasa kasuwa a 1980, Osram na Jamus kuma ya biyo baya a 1985 da wanda ke da na'urar zamani a gindi. Ƙwan bai zama na talaka ba sai da masana'antun China suka shiga yin mai murɗen da yawa daga tsakiyar shekarun 1990, farashi ya faɗo, ya cika kasuwanni irin su Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano.

A taƙaice, ƙwai mai tsimi yana ba da haske daidai da na tsohon ƙwai da kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na wutar. Ingantacce yana yin awa 6,000 zuwa 15,000.

Lissafin gida

Yunit ɗaya na wuta, wanda mita ke ƙirgawa, shi ne wat 1,000 da aka yi amfani da shi na tsawon awa guda. Da wannan kaɗai kowa zai iya yin lissafin gidansa.

A ɗauki gida mai ƙwayaye goma: falo, ɗakuna uku, kicin, banɗaki biyu, tsakar gida, zaure da ƙofar gida. A ƙaddara kowanne wat 60 ne, kuma ana kunna su awa shida a rana. Jimlarsu wat 600. A awa shida sun sha yunit 3.6, a kwana 30 sun sha yunit 108. A kan naira 209.50, wannan ya kama naira 22,626 a wata, kafin a ɗora harajin kayayyaki.

Idan aka sauya su da ƙwayaye masu tsimi na wat 15, waɗanda haskensu ya yi daidai da na wat 60, jimla ta koma wat 150. A rana yunit 0.9, a wata yunit 27, kuɗi kuma kimanin naira 5,657. Bambancin yunit 81 ne, kusan naira 17,000 a kowane wata, ba tare da an rage wa kowane ɗaki haske ba. Ga wanda yake rukunin da kuɗin yunit bai kai haka ba, a ƙaddara naira 60, lissafin zai sauko daga naira 6,480 zuwa naira 1,620. Sai dai a tuna cewa rukunan an tsara su ne bisa awoyin samun wuta: A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wanda ba ya samun wuta awa shida da daddare, ribarsa a mita za ta yi ƙasa da wannan.

Akwai wanda wannan lissafi bai shafe shi kai tsaye ba, shi ne wanda ba shi da mita, ake kawo masa takardar kuɗi bisa kiyasi. Miliyoyin masu amfani da wuta a Najeriya suna cikin wannan hali, kuma ko da yake NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya kiyasta musu tun 2020, sauya ƙwai ba ya sauya abin da aka rubuta a takardar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ganin ƙwan ƙofar gida a kunne da rana tsaka a unguwanni da yawa. Rashin mita yana kashe sha'awar tsimi, kuma babu wa'azin da zai gyara wannan kamar saka mitar.

Amma ko mara mita yana da riba a wani wajen, wato lokacin da aka ɗauke wuta. Ƙaramin janaretan nan da ake ɗauka da hannu ɗaya ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 900 ba. Ƙwayaye goma na wat 60 sun kusa cinye shi gaba ɗaya. Na wat 15 kuwa sun bar wa fanka biyu da talabijin da cajin waya wuri. Kada dai a yi zaton man da yake sha zai ragu da kashi uku cikin huɗu, domin inji yana shan mai ko da ba a ɗora masa kaya sosai ba. A wajen mai sola da batir kuwa, bambancin a fili yake. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da yunit 1.2, kuma irin na gargajiya ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, wato wat 600 na awa guda. Tsofaffin ƙwayaye goma za su gama da shi a awa ɗaya. Masu tsimi za su kai awa huɗu.

Abin da ƙasashe suka gani

Wutar da ake rarrabawa a babban layin ƙasa ta daɗe tana kai-kawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Kuma lokacin da aka fi matsa wa layin shi ne daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, daidai lokacin da kowane gida ke kunna fitila. Idan gidaje miliyan ɗaya suka sauya ƙwayaye biyar-biyar daga wat 60 zuwa wat 15, an sauke wa layin megawat 225 a wannan lokaci. Wannan ya fi sulusin ƙarfin madatsar ruwa ta Shiroro, mai megawat 600, kuma ba a tayar da ƙauye ko ɗaya ba, ba a kuma ciyo bashin gina tasha ba.

Ba hasashe ba ne kawai. Kyuba, bayan ta sha fama da ɗaukewar wuta, ta tura matasa gida-gida a 2005 da 2006 suna karɓar tsofaffin ƙwayaye suna ba da masu tsimi. Ghana ce misali mafi kusa da mu. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har aka shiga rabon wuta, sai gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimi miliyan shida kyauta, tana karɓe tsofaffin. Hukumar makamashin ƙasar ta bayyana cewa buƙatar wuta a lokacin da aka fi matsi ta ragu da megawat 124. A 2008 Ghana ta kafa dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da ƙwai mai zare. Tarayyar Turai ta janye nata daga kasuwa daki-daki tsakanin 2009 da 2012.

A Najeriya ma an gwada. Hukumar Makamashi ta Ƙasa, tare da gwamnatin Kyuba da ƙungiyar ECOWAS, ta gudanar da shirin raba ƙwayaye masu tsimi miliyan ɗaya a rukunan gidaje da cibiyoyi. Miliyan ɗaya a ƙasa mai girman Najeriya ɗigo ne a cikin randa, kuma ba a bi shi da tsauraran matakai a bakin tashoshin jiragen ruwa irin na Ghana ba. Abin da ya kori tsohon ƙwai daga yawancin gidajen birane shi ne janareta da inbata da mita mai kati, ba doka ba.

A kantin mai kayan wuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna haske da wat. Wat ma'aunin wutar da ƙwai ke sha ne, ba na hasken da yake bayarwa ba. Ma'aunin haske shi ne lumen, kuma kamfani mai mutunci yana rubuta shi a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai wat 40 yana ba da lumen 400 da 'yan kai, mai tsimi na wat 9 zuwa 11 ya isa ya maye gurbinsa. Mai wat 60 yana ba da lumen 700 zuwa 800, madadinsa wat 13 zuwa 15. Mai wat 100 yana ba da lumen 1,300 zuwa 1,600, madadinsa wat 20 zuwa 25. Ingantaccen ƙwai mai tsimi yana ba da lumen 50 zuwa 70 a kan kowane wat. Idan aka raba lumen ɗin da ke kwali da wat ɗin aka ga adadi ya yi nesa da wannan, to akwai lauje cikin naɗi.

Jabu sun yi wa wannan ƙwai illa a idon 'yan Najeriya. An sha ganin ɗan ƙaramin ƙwai an rubuta masa wat 40 ko 85, alhali haskensa bai kai na ingantaccen wat 15 ba, kuma kafin wata biyu gindinsa ya yi baƙi ya mutu. Wanda ya sayi irin wannan sau uku a shekara ya yi asarar abin da ya tsimi a mita. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance kayan wutar da ake shigowa da su, amma mai saye shi ma yana da alamomin da zai duba: sunan kamfani da adireshinsa, adadin lumen, awoyin rai, da ƙarfin wutar da ƙwan ke ɗauka, wanda ya kamata ya dace da bolt 230 da ake amfani da shi a nan. Girman gilashi ma shaida ne, domin haske yana fitowa ne daga faɗin bututun. Ƙwai mai wat da yawa ba ya zama ɗan mitsitsi. Mai shagon da ya yarda ya rubuta ranar saye a gindin ƙwan, ya kuma karɓa idan ya mutu da wuri, ya fi wanda ya rage naira ɗari biyu ya ce in an fita ba dawowa.

Sai launin haske, wanda ake rubutawa da lamba mai harafin K a ƙarshe. 2700K haske ne mai ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwai, mai daɗi a ɗakin kwana. 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu, kuma ya fi dacewa da kicin da shago da wurin ɗinki. Launin ba ya ƙara wa ƙwai shan wuta, ba ya kuma rage masa. A ƙarshe a duba gindi: akwai mai kunnuwa biyu da ake dannawa a juya, mai alamar B22, wanda muka gada daga Ingila, akwai kuma mai murɗawa, E27. Gidaje da yawa suna da duka biyun, don haka gara a leƙa holda kafin a tafi kasuwa.

Inda yake daɗewa da inda yake saurin mutuwa

Ƙwai mai tsimi yana son a kunna shi a bar shi. Kowace kunnawa tana ɗan cin ƙarfen da ke bakin bututun, saboda haka wanda ke banɗaki ko sito, da ake kunnawa a kashe sau ashirin a rana, ba zai kai ran da aka rubuta masa ba. Daga nan ne aka samo maganar da ake yawan yi cewa wai kunna shi yana shan wuta fiye da barinsa a kunne. Ba haka ba ne. Wutar da yake ja a lokacin tashi ba ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙi ba. Abin da ake kiyayewa ran ƙwan ne. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce, idan za a bar ɗaki fiye da minti 15, a kashe.

Yana kuma ɗaukar kamar minti ɗaya zuwa uku kafin haskensa ya cika, musamman da sanyin asuba a lokacin hunturu. Zafi kuwa abokin gabar na'urorin gindinsa ne: idan aka kulle shi cikin murfin gilashi mara iska, ko a cikin silin kwano da ke gasuwa da rana, zai gaji da wuri. Ba a haɗa shi da makunnin da ke rage haske ko ƙara shi, sai in an rubuta a kwali cewa ya dace. A waje kuma yana buƙatar rumfa daga ruwan sama.

Game da wutar da ke zuwa da rauni, wadda ta zama ruwan dare a unguwannin da taransifoma ta yi wa kaya yawa, ƙaramin ƙwai mai na'urar zamani ya fi doguwar fitila mai cok haƙuri. Ita takan yi ta ƙiftawa ta ƙi kamawa, shi kuwa yakan kama. Abin da ke kashe shi nan take shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi fiye da kima. Kashe makunnai idan an ɗauke wuta, a jira ta daidaita bayan ta dawo, yana ceton ƙwayaye da yawa.

Zaibar da ke ciki

Wannan shi ne babban aibin ƙwan, kuma shi ne abin da ba a cika gaya wa mai saye ba. Kowane ƙwai yana ɗauke da zaiba kimanin miligiram 3 zuwa 5, abin da bai wuce kan alƙalamin biro ba. Tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi yana ɗauke da kusan ninki ɗari na wannan. Muddin gilashin bai fashe ba, babu abin da ke fita. Amma zaiba guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da jaririn da ke ciki illa.

Idan ƙwai ya fashe a ɗaki, ba abin firgita ba ne, amma akwai tsarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta shimfiɗa, kuma ya dace da kowane gida. A fitar da yara da masu juna biyu da dabbobi. A buɗe taga da ƙofa, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya fita na minti biyar zuwa goma. Bayan haka a kwashe gilashin da farar hodar da kwali mai kauri, a bi ragowar da salatif, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma ko takarda. Kada a yi amfani da injin zuƙe ƙura, kuma gara a guji tsintsiya, domin dukansu suna watsa hodar. A zuba komai, har da tsumman, a kwalba mai murfi, a fitar da ita waje, a wanke hannu, a bar ɗakin yana shan iska na wasu awoyi.

Matsalar da ta fi wannan girma tana bola. Ƙwai ɗaya ba komai ba ne, amma miliyoyin ƙwayaye da ake jefawa cikin shara, su farfashe, a cinna musu wuta, ko ruwan sama ya wanke su zuwa rafi, wani abu ne daban. Waɗanda suka fi shaƙar tururin su ne 'yan bola jari da yaran da ke fasa ƙwan don ciro 'yar wayar da ke gindinsa. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin sharar kayan lantarki tun 2011, sai dai wuraren karɓar matattun fitilu ba su wadata ba. Abin da magidanci zai iya yi shi ne kada ya fasa mataccen ƙwai, kada ya ƙona shi, ya mayar da shi cikin kwalin sabon da ya saya, ya ajiye inda yara ba sa kaiwa har a samu mai karɓa, ko aƙalla ya naɗe shi da kyau kafin ya shiga shara.

Zamaninsa yana ƙarewa

Saboda wannan zaibar ce duniya ta juya wa ƙwan baya. A 2013 aka amince da Yarjejeniyar Minamata, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Japan inda zaibar da wata masana'anta ta riƙa zubarwa a teku ta nakasa dubban mutane, cutar da aka gano a 1956. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Ƙasashen Afirka ne suka gabatar da buƙatar a daina fitilu masu zaiba, bisa hujjar cewa idan ƙasashe masu arziki suka daina amfani da su, nahiyar ce za ta zama juji. A taron Bali na 2022 aka amince a daina ƙerawa da shigowa da fitar da ƙananan ƙwayaye masu tsimi na wat 30 zuwa ƙasa daga ƙarshen 2025. A taron Janeba na 2023 aka sa wa dogayen fitilun wa'adin da ba zai wuce 2027 ba. Yarjejeniyar ba ta hana kowa amfani da wanda ke rataye a ɗakinsa ba.

Abin da ya sa aka iya ɗaukar wannan mataki shi ne samuwar magaji. Ƙwan LED, wanda ya ginu a kan shuɗin hasken da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar har aka ba su kyautar Nobel a 2014, ba shi da zaiba, yana kamawa nan take, yawan kunnawa ba ya damunsa, kuma mai kyau yana yin awa 15,000 zuwa 25,000. Wat 9 nasa ya isa ya ba da hasken tsohon wat 60. A lissafin gidan nan mai ƙwayaye goma, yunit 16.2 ke nan a wata, kimanin naira 3,400, batir ɗin nan kuma zai haura awa shida.

Duba da waɗannan alƙaluma, babban tsallen yana tsakanin yunit 108 da yunit 27 ne. Daga 27 zuwa 16 ƙari ne mai kyau, amma bai kai na farko ba. Don haka wanda har yanzu yake da ƙwai mai zare, shi ne ke da gaggawa, kuma ya fara da waɗanda suka fi daɗewa a kunne: na ƙofar gida da na tsakar gida da ke kwana suna ci, sannan na falo. Wanda ke da ƙwai mai tsimi da ke aiki lafiya ba shi da dalilin cire shi ya ƙara wa bola zaiba. Ya bari ya ƙare ransa, sannan ya maye shi da LED. Jabu sun shiga kasuwar LED kamar yadda suka shiga ta wancan, saboda haka duba lumen da sunan kamfani yana nan daram.

Masu doguwar fitila mai ƙafa huɗu, wadda ke shan wat 36 ko 40 ban da abin da cok ke ci, za su iya samun ta LED mai tsawo ɗaya da ke shan kimanin wat 18. Wasu nau'o'in suna shiga tsohon gida ba tare da an taɓa waya ba, sai dai a sauya sitata. Wasu kuwa sai an cire cok an sake haɗa wayoyin. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma a tabbatar an kashe babban makunnin gida kafin ya hau tsani.